Ka Buɗe Marfin Tankin Tukuna

Wata uku na yi ina jin ƙarar nan kafin in ɗauke ta a bakin komai. Da rana hayaniyar gida tana rufe ta. Sai dare ya raba, ko'ina ya yi tsit, sannan za ka ji wani siririn sauti daga banɗaki kamar tayar keke tana sacewa, ya yi daƙiƙa goma ko sha biyar ya ɗauke, bayan ɗan lokaci ya sake tashi. Ba wanda ya shiga, ba wanda ya kora ruwa, amma tankin masai yana ta ƙara wa kansa ruwa. Ni kuwa abin da nake yi bai wuce in tashi cikin magagin barci in jijjiga mariƙin ba, ƙarar ta lafa, in koma shimfiɗa ina jin kamar na yi wani abin kirki. Washegari kuma a sake maimaitawa.

Duk inda aka ɗauko zancen masai mai zubar da ruwa, mutane kashi biyu suke rabuwa. Wasu su ce wannan ai bai kai a kira kowa ba, duk mai hannu biyu zai iya gyarawa. Wasu su ce a bar wa kowa sana'arsa, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na taɓa zama a kowane ɓangare, kuma kowanne ya ba ni abin da ya ba ni. Amma gardamar tasu ta manta da mafi yawan mutane, wato irina a wancan lokacin, waɗanda ba su gyara ba, ba su kuma kira mai gyara ba, suna nan suna jijjiga mariƙi wata da watanni. Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk abin da ke cikin tankin nan, ƙarƙashin marfinsa, aikin mai gida ne, kuma rashin saninsa sakaci ne. Abin da ya fita daga tankin ya haɗu da bango, ko ƙasa, ko bututun ƙazanta, wannan na mai gyaran famfo ne, kuma shigarsa ba tare da sani ba ganganci ne. Jira kuwa ba shi da wata hujja ko kaɗan.

Bari in fara da jiran, domin shi ne ya fi ɓarna. Ruwan da ke silalowa a bangon kwanon masai ba shi da wani kwarjini. Sau da yawa sai ka sunkuya ka ƙura ido kafin ka ga yana motsi. Amma a yi lissafi: rana ɗaya tana da minti 1,440. Idan rabin lita ne kawai ke zuba a kowane minti, kafin gobe war haka lita 720 ta tafi, a wata guda kuma ta haura lita 21,000. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta daɗe tana faɗa cewa masai ɗaya mai zuba yana iya cinye galan 200 a rana, kimanin lita 750 ke nan, kuma ta ƙiyasta cewa yoyon cikin gidaje a ƙasar yana salwantar da kusan galan tiriliyan ɗaya a shekara. Har mako guda take warewa a kowane watan Maris don tunatar da mutane su nemo yoyo su toshe. Da yayyafi kogi kan cika, a nan kuwa da yayyafin ne yake ƙafewa.

Wani zai ce ruwana ne, ni nake biya, ina ruwan wani. Wannan maganar ba ta taɓa gamsar da ni ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum yana buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana don sha da wanka da wanki da tsafta. A farkon shekarar 2018, lokacin da madatsun ruwan birnin Cape Town na Afirka ta Kudu suka kusa ƙafewa, hukuma ta ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana. A wannan ma'auni, masai ɗaya da ke zubar da lita 750 yana shanye rabon mutum goma sha biyar, ba tare da ya wanke ko da cokali ba. Kuma ba ruwan banza yake zubarwa ba. Ruwa ne da aka ɗebo, aka tace, aka sa masa magani, aka ƙona wuta ko mai aka turo shi ta bututu, ya zo ya wuce kai tsaye cikin ƙazanta. Can ma wani nauyin ne: ko dai ya ƙara wa ma'aikatar tace ƙazanta aiki, ko ya cika ramin sokawe kafin lokacinsa. Wanda ke ƙarshen layin bututu, wanda famfonsa ke tsiyaya da ƙyar, yana da ruwa da tsaki a cikin wannan maganar ko da bai san gidanka ba.

Ranar da na ɗaga marfin tankin, abin da ya fara kama ni kunya ce. Na zaci zan tarar da wata na'ura mai wuyar sha'ani. Abubuwa huɗu ne kawai a ciki. A gefe guda akwai bawul da ke shigo da ruwa. A jikinsa akwai abin da ke yawo a kan ruwa, a wasu tankunan ƙwallo ce a ƙarshen wani dogon hannu, a wasu kuma wani ɗan kofi ne da ke hawa da sauka a jikin bawul ɗin. Ruwa na cika yana ɗaga shi, idan ya kai inda aka saita sai ya rufe bawul. A tsakiyar gindin tankin akwai rami da wata roba ta toshe, an ɗaura mata 'yar sarƙa zuwa mariƙi. Ka danna mariƙi, robar ta ɗaga, ruwa ya kwarara, ta koma ta zauna. Na huɗu wani bututu ne a tsaye, bakinsa a buɗe, wanda aikinsa shi ne idan ruwa ya yi yawa ya bi ta cikinsa zuwa kwano maimakon ya malale a ƙasa. Shi ke nan. Babu wuta, babu inji, babu abin da zai fashe maka a fuska. Wanda ya iya sa wa riga maɓalli zai iya fahimtar wannan.

Tunda haka ne, hanya biyu kawai ruwa yake da ita ta guduwa: ko ta sama, ko ta ƙasa. Ta sama ita ce idan ruwan ya haura bakin bututun nan na tsaye yana gangarawa ciki. Wannan da ido ake gani. Kamata ya yi ruwan ya tsaya kimanin santimita biyu da rabi ƙasa da bakin bututun, kuma a yawancin tankuna akwai layi a jikin bango da ke nuna wurin. Idan ka gan shi yana shiga bututun, ɗaga ƙwallon a hankali da yatsa. In ruwan ya tsaya, bawul lafiyarsa lau, saiti ne ya goce, sai ka juya ɗan sukurun da ke kansa ko ka sauko da kofin ƙasa kaɗan. In ka ɗaga amma ruwa bai fasa shigowa ba, to ko dai yashi ya maƙale a cikin bawul ɗin, ko robar cikinsa ta mutu. Wani lokacin ma ƙwallon ce ta huje ta sha ruwa ta yi nauyi. Kwance ta ka girgiza a kunnenka, za ka ji.

Ta ƙasa ita ce mai ɓoyewa, kuma ita ta fi yawa. Robar gindi ta daina zama daidai, ruwa yana sulalewa ta ƙarƙashinta, tanki ya ragu kaɗan, ƙwallo ta sauka, bawul ya buɗe ya cike gurbin, ya rufe. Wannan ce ƙarar da take tashi ta ɗauke cikin dare. Gwajinta ba ya buƙatar kayan aiki. Ɗiga ɗan launi a cikin tanki, kada kowa ya kora ruwa, ka dawo bayan minti goma ko sha biyar. Idan launin ya bayyana a kwano, ka kama ɓarawonka. In babu launi a kusa, rufe famfon da ke ba tankin ruwa, ka ja layi da fensir daidai inda ruwan ya tsaya, ka tafi harkarka na awa ɗaya. Ruwan da ya sauka daga layin bai tafi ko'ina ba sai ta gindi.

Nawa haka ya kasance. Na rufe famfon, na kora ruwan tanki ya zama fanko, na zura hannu na taɓa robar. Da na ɗago, yatsuna sun yi baƙi ƙirin kamar na taɓa gawayi, domin robar ta tsufa har tana narkewa. Gefenta ya lanƙwashe, ya yi tauri, kuma a bakin ramin da take zama akwai wani farin dasashi da ruwa ya tara shekara da shekaru. Kunnuwa biyu ne ke riƙe da ita a jikin bututun tsaye. Na zare su da hannu, na cire sarƙar. Na tafi da tsohuwar a aljihu don in samo irinta sak, saboda girmansu ba ɗaya ba ne, akwai mai inci biyu akwai mai inci uku. Na goge bakin ramin da soso, na maƙala sabuwa, na bar wa sarƙar ɗan sassauci. Wannan sassaucin shi ne duk fasahar aikin: in ta yi gajarta sai ta riƙe robar a ɗage, in ta yi tsawo sai ta shige ƙarƙashinta ta hana ta rufuwa. Aikin bai kai minti ashirin ba, kuma rabin lokacin wajen wanke baƙin hannuna ya tafi. A daren nan na farka kamar yadda na saba, na kasa kunne, shiru.

Wata uku saboda minti ashirin. Na daɗe ina tambayar kaina me ya hana ni ɗaga marfin tun ranar farko, kuma amsar ba ta da daɗi: ƙyama ce. A kaina duk abin da ya shafi masai ƙazanta ne. Alhali ruwan tankin daga bututu ɗaya yake zuwa da wanda ke ba famfon wanke hannu, bai taɓa haɗuwa da abin da ke cikin kwano ba. Ga kuma wani girman kai da ba mu cika faɗinsa a fili ba, wai mai ilimi ko mai muƙami ba ya durƙusa a gindin masai. Wannan ya fi ba ni dariya idan na tuna cewa wanda ya fara bayyana zanen masai mai tanki da bawul a Ingila, a 1596, Sir John Harington ne, bafaden Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, kuma wanda ya yi rajistar lanƙwasasshen bututun nan da ke riƙe ruwa ya tare wari, a 1775, Alexander Cumming ne, gwanin haɗa agogo. Su ba su ga ƙasƙanci a ciki ba.

Sai dai ba duk laifin ba ne na masu gida. Yadda ake ƙera masai a yanzu yana taimaka wa yoyo ya ɓuya. A Birtaniya, har zuwa 2001, doka ta tilasta amfani da tanki mai tsotso, wanda sai ruwa ya hau sama ya ƙetare wani lanƙwasa kafin ya sauka kwano. Irin wannan ba shi da rami a gindi da roba za ta toshe, saboda haka idan ya lalace ƙin kora ruwa yake yi, ba ya zuba a ɓoye. Bututun rarar ruwansa kuma ta bango yake fita waje, yana ɗiga inda kowa zai gani, maƙwabci ma ya yi maka magana. Da aka sassauta dokar, aka shigo da masu bawul da masu maɓalli biyu, rarar ruwa ta koma gangarawa cikin kwano shiru. An samu sauƙin ruwa a kowace korawa, wannan gaskiya ne. A Amurka ma dokar 1992 ta rage abin da sabon masai zai kora zuwa galan 1.6, kimanin lita shida, alhali tsofaffin suna kora lita goma sha uku ko fiye. Amma masai mai tsimin lita shida da ke yoyon lita ɗaruruwa a rana, tsiminsa ya zama na banza. Tunda an ƙera abin ya yi shiru idan ya lalace, dole wani a cikin gida ya zama mai sa ido, kuma mai gyaran famfo ba a gidan yake kwana ba.

To, a nan ne zan juya in ba masu cewa a kira gwani haƙƙinsu, domin na biya kuɗin karatun da kaina. Nasarar robar nan ta sa kaina ya kumbura. Bayan shekara guda na ga danshi a ƙasa, bayan masai, na leƙa na ga ɗigo yana fitowa daga ɗaya daga cikin notunan da suka haɗa tanki da kwano. Na ce wannan ai ƙaramin alhaki ne. Na ɗauko sifana na ɗaure. Ɗigon ya ragu bai tsaya ba. Na ƙara. Na sake ƙarawa. Sai na ji wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an taka busasshen ganye. Wani siririn layi ya bayyana a gindin tankin, ruwa ya fara bin sa. Na kai hannu in rufe famfon bango, shi kuma ya zaɓi ranar ya ƙi juyawa. Na matsa masa da filaya, ya soma tsiyaya ta wuyansa. Cikin minti biyar na tashi daga ɗigo ɗaya zuwa yoyo biyu, ina tsaye cikin ruwa ina neman inda babban famfon gidan yake, wanda ban taɓa damuwa in sani ba. Garin neman gira na rasa ido.

Mai gyaran da ya zo dattijo ne, ba mai yawan magana ba. Ya durƙusa, ya shafa layin da babban yatsa, ya ɗago ya dube ni.

"Malam, wa ya ɗaure notin nan?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Ai tangaran ba ƙarfe ba ne. Da hannu ake ɗaure shi, a ƙara ɗan juyi kaɗan, wannan gefe sannan wancan, bi da bi. Kuma ba ɗauri yake nema ba tun farko. Robar da ke ƙarƙashin kan notin ce ta mutu. Ko ka ɗaure har gobe ba zai tsaya ba."

Tankin dai ba ya gyaruwa, sai sabo. Abin da dattijon ya sani wanda ban sani ba, ba a cikin sifanarsa yake ba. A hannunsa yake, ya san inda ake tsayawa, kuma ba a koyon wannan daga kallon bidiyo a intanet, sai an fasa tankuna ko an ga an fasa. Daga ranar na gane inda iyakar take. A cikin tanki, idan ka yi kuskure, mafi munin abin da zai faru shi ne ruwa ya ci gaba da zuba cikin kwano kamar yadda yake yi da ma. Ba ka ƙara komai ba, ba ka rage ba. A wajen tanki kuwa kuskure a ƙasa yake zuba, ya shiga ƙarƙashin tayil, ya ruɓar da katako, ya ɓullo a silin wanda ke ƙasa da kai idan bene ne. Saboda haka tambayar da nake yi wa kaina kafin in taɓa komai ita ce: in abin ya ɓaci, ina ruwan zai tafi, kuma zan iya tsayar da shi? Famfon bango da ya ƙi juyawa, tsagewa a jikin tangaran, danshi a gindin masai, masai da ke girgiza in an zauna, wari da ya ƙi tafiya, ruwa da ke dawowa ta wata magudana idan an kora, tankin da aka binne cikin bango: duk waɗannan waya nake ɗauka.

Akwai kuma dalilin da ya fi tayil da sili nauyi. Aikin famfo aikin lafiyar jama'a ne, ko da ba a cika kallonsa haka ba. A 2003, lokacin annobar cutar numfashi ta SARS, a wani rukunin dogayen benaye da ake kira Amoy Gardens a Hong Kong, sama da mutum 300 suka kamu, sama da 40 suka rasu. Binciken da aka yi ya gano cewa lanƙwasassun bututun magudanan ƙasa na banɗakuna da yawa sun bushe, ruwan da ya kamata ya tare hanya babu shi, sai fankokin fitar da iska suka riƙa janyo gurɓatacciyar iska daga bututun ƙazanta zuwa cikin gidaje. Shekara 70 kafin nan, a 1933, a birnin Chicago, haɗuwar bututun ƙazanta da na ruwan sha a wasu otal-otal ta haddasa ɓarkewar atini da ta kashe kusan mutum 100. Har a cikin tankin da nake cewa naka ne akwai ɗan wannan hatsarin. Idan za ka sauya bawul ɗin shigo da ruwa gaba ɗaya, akwai alama a jikinsa da dole ta kasance aƙalla santimita biyu da rabi sama da bakin bututun tsaye, domin in ƙarfin ruwa ya faɗi a layi kada bawul ya tsotse ruwan tanki ya mayar cikin bututun sha. Sauya bawul shi ne aikin da ke kan iyaka a wurina. Mai natsuwa da zai karanta takardar da ke cikin kwali yana iyawa. Mai gaggawa irina a wancan karon, gara ya kira.

Wani abin da masu gardamar nan ba sa lura da shi: ɗaga marfin yana amfanar ka ko da a ƙarshe gwani za ka kira. Masu gyaran famfo mutane ne kamar kowa, akwai na ƙwarai akwai masu neman na yau kawai. Wanda ya ce "masai ya lalace, zo ka duba" ya miƙa wuyansa. Duk abin da aka faɗa masa sai ya karɓa, har da cewa sai an sauya kayan ciki kaf alhali sarƙa ce ta harɗe. Wanda ya ce "na sa launi ya fito a kwano, na sauya robar gindi amma bai daina ba, ina zargin bakin ramin ne ya ci" ya rage wa mai gyara rabin aiki, ya sa ya taho da abin da ya dace tun zuwan farko, kuma ya nuna masa cewa ba a yi wa wannan gidan rufa-ido. Mai gyara na gari yana jin daɗin irin wannan kiran. Dattijon nan da kansa ya gaya mini cewa aikin da ya fi ƙi shi ne a taso shi daga nesa saboda sarƙa, ga wani can bututu ya fashe masa yana jira. Shi ne ma ya hana ni jefa ƙwayoyin bilic ɗin nan cikin tanki, ya ce su ke cin roba kafin lokacinta, ya kuma nuna mini ɗan siririn tiyon da ke maƙale a bakin bututun tsaye: in aka cusa shi can ciki har ya wuce tsayin ruwa, shi kaɗai yana iya tsotse tankin a hankali, mutum ya sauya roba sau uku yana mamaki.

Na san ba kowa ne zai iya durƙusawa ba. Akwai tsofaffi, akwai marasa lafiya, akwai wanda lokacinsa ya fi masa tsada, ya gwammace ya biya. Ba ni da ja da wannan, muddin kiran za a yi yau. Ɗan haya kuma matsalarsa daban ce, domin kayan ba nasa ba ne, kuma in ya fasa shi zai biya. Nasa shi ne ya sanar da mai gida nan take, a rubuce, ya faɗi abin da ya gani. Amma dukkansu akwai abu ɗaya da za su iya kafin mai gyara ya iso: su murɗa famfon da ke bayan masai zuwa dama ya rufe, su buɗe shi kawai idan za a yi amfani. Shi ya sa yake da kyau a riƙa juya famfon nan sau ɗaya ko biyu a shekara ko ba abin da ya faru, don kada ya ƙafe ya ci amanarka ranar da kake buƙatarsa. Mai mitar ruwa kuma ya karanta lambar, a yi awa biyu ba a taɓa ruwa ba, ya sake karantawa. In ta motsa, akwai inda ake sata.

Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne banɗakunan da ba na kowa ba: na ofisoshi, na makarantu, na tashoshi, na wuraren jira. A gida aƙalla akwai wanda ƙarar za ta hana barci. A can ɗaruruwan mutane ne ke shiga su ji, su fita, kowa yana ɗauka wani ya riga ya faɗa. Kwanan baya na je wani ofis karɓar takarda, jira ya yi tsawo, na shiga banɗakinsu. Tun daga ƙofa na ji sautin, wannan karon ba siriri ba, kamar an bar famfo a buɗe. A bangon kwanon har ruwa ya zana doguwar tsatsa, alamar ya daɗe yana bin hanya ɗaya. Na dubi ƙofa, na ɗaga marfin. Ƙwallon ta kwance daga hannunta tana yawo ita kaɗai a kusurwa, ruwa yana ta ambaliya cikin bututun tsaye. Na kamo ta, na murɗa ta a mazauninta, juyi biyar ko shida. Ruwan ya hau, hannun ya ɗaga, ƙarar ta yi ƙasa ta mutu. Da na fito na sami mai kula da wurin a kan benci, na ce masa a sa ido a kan na ƙarshen nan, zaren ƙwallon ya ci, za ta iya sake kwancewa.

Ya leƙa ciki, ya kasa kunne, ya dawo yana dubana da alamar damuwa.

"Yallaɓai, me ka yi masa? Ko ruwa aka ɗauke? Ai tun da na fara aiki a nan haka yake ƙara."